Allo na Uku a Kwanar Rijiya

Litinin, 9 ga Disamba, bayan la'asar

Aiki biyu sun shigo yau, alhamdulillahi, kuma kamar kowace shekara sun shigo da rigimarsu. Godfrey ne ya fara zuwa, mai shagon da nake haya, dattijo a cocinsu. Allon Kirsimeti yake so, jariri a komin dabbobi da tauraro a sama, a kafa a Kwanar Rijiya. Bai gama zama ba sai ga Malam Manniru na kwamitin masallaci, shi kuma allon saukar karatun 'yan Islamiyya. A kafa a ina? A Kwanar Rijiya. Filin da akuya biyu ba za su kwanta su miƙe ƙafa ba, amma duk Disamba sai an kusa ba hammata iska a kan wanda allonsa zai kalli titin Bwari.

Godfrey ya ce, "Mato, bana ka yi wa tauraron girma. Na bara ya yi kama da ƙosai."

Malam Manniru ya jira ya fita, sannan ya rage murya: "Namu ya fi nasu tsawo, ko da taƙi ɗaya ne."

Na ce wa kowannensu to. Ni mai fenti ne, ba alƙali ba.

Na shafe alluna uku da fari na jingina a bayan shago su bushe, biyu na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana. Na sa musu sunana a kusurwar ƙasa da jan fenti, Mato Arts, Dutse, da lambar waya. Haka ogana ya koya mini tun ina wanke masa burushi: suna kafin aiki, don in ka bari sai ƙarshe mai allo zai ɗauke kayansa kana alwala.

Laraba, 11 ga Disamba, da rana

Magaji ya taya ni zanen tumakin Godfrey. Ɗan farinmu ne, ni da Kubra, ba ma kama sunansa, tun yana zanen goyo Magaji muke ce masa. Tun da ya gama makaranta yake gaya mini aikin hannu ya mutu, yanzu inji ke buga komai a leda. Amma in ya riƙe burushi, wallahi ya fi ni. Ba zan faɗa masa ba, kansa ya isa girma haka.

An kira azahar, na ce ya taso. Ya ce zai yi a gida.

Ya daɗe yana cewa zai yi a gida. Ban tambaya ba.

Asabar, 14 ga Disamba, da yamma

An kafa duka biyun. Aka yi ta auna ƙasa da igiya kamar masu rabon gado, har aka bar tazara a tsakani don kada allon wani ya taɓa na wani. Kowa ya tafi yana ganin shi ya yi nasara. Magaji ya tsaya yana kallon tazarar nan, hannu a aljihu, ya ce, "Baba, filin nan na waye?"

Na ce na unguwa ne.

Ya ce, "Na duk 'yan unguwa?"

Na ce ya ɗauko guduma mu tafi, yunwa nake ji.

Litinin, 16 ga Disamba, da hantsi

Allo na uku ba ya bayan shago.

Litinin, bayan azahar

Na gan shi. Yana tsaye a tazarar nan, tsakanin jaririn Godfrey da allon Islamiyya. An wayi gari da shi ne, ba wanda ya ga mai kafawa. Ba zan rubuta abin da ke jiki ba. Gaisuwar hutu ce daga mutanen da suka ce ba su bin kowane addini, shi ke nan, Hausa a sama, Turanci a ƙasa.

Da safe mutane dariya suke yi. Masu babur suna ɗaukar hoto, wata mai lemo tana tambaya ko sabon coci ne. Ni ban yi dariya ba, don tun daga nesa na ga inuwar haruffan, ruwan ɗorawa ta gefen hagu. Mutum biyu ne a Dutse ke jan inuwa ta hagu.

An shafe kusurwar ƙasa da fari. Shafa ɗaya, da fentin ruwa. Sau nawa na faɗa? Sau nawa? Ja ba ya kwanciya a ƙarƙashin fari. Sai ka fara kashe shi da fentin silba, ka bari ya bushe, ka bi da fari sau biyu. In ka yi gaggawa, rana na dukansa zai taso.

Kafin a kira azahar ya taso. Suna da lamba, ras, kamar yanzu na rubuta.

Litinin, bayan magariba

Wayata ba ta huta ba. Na kashe ta.

Kubra ta kawo tuwo ta ajiye, ta tsaya a kaina. Ta ce, "Malam, me ake cewa a waje?" Na ce an sace mini allo. Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin Magaji da ke rufe, ta ɗauke tuwon da ban taɓa ba.

Akwai fenti ruwan ɗorawa a gefen buta. Na wanke da kananzir.

Talata, 17 ga Disamba, da safe

An tumɓuke allon, an kai harabar masallaci an kifa shi. Amma hoton ya riga ya shiga WhatsApp, kuma hoton ba shi kaɗai yake yawo ba, kowa da abin da yake ɗora masa. A wurin mai shayi na ji wani yana rantsuwa cewa akwai zagi a bayan allon. Ƙarya ne! Ni na shafe bayan allon nan da hannuna, fari ne fat. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga yadda aka yi tsit aka juyo. Na bar shayin na taso.

Na shiga ɗakin Magaji. Yana zaune a bakin katifa, waya a hannu, idonsa ya yi ja. Na ce, "Silba kafin fari. Sau nawa na gaya maka?"

Abin da ya fito daga bakina ke nan. Duk abin da uba zai ce wa ɗansa a rana irin wannan, ni silba na ce.

Ya ce, "Baba, ban zagi kowa ba. Barka kawai na yi musu."

Na ce ya rufe mini baki. Na ce ban ji ba, ban tambaye shi ba, kuma kada ya kuskura ya gaya mini abin da ban tambaya ba. Ya ce ya gaji da tsayuwa a sahu yana motsa baki. Na ɗaga hannu. Ban taɓa dukansa ba tun yana firamare, yau ma ban doke shi ba, amma hannun ya tashi, kuma ya gani.

Talata, da la'asar

Ban buɗe shago ba.

Laraba, 18 ga Disamba, bayan azahar

Abin da ban taɓa gani ba tun da na zo garin nan: Godfrey da Malam Manniru a kan benci ɗaya, a ƙofar shagona, bakinsu ɗaya. Mutanen da ko wurin zuba shara sai sun yi musu. Ashe abin da zai haɗa su ke nan. Da ba a kaina abin yake ba, da na yi dariya har na faɗi.

Malam Manniru ya ce matasa sun harzuƙa, jiya da ƙyar ya hana su zuwa. Godfrey ya ce nasu ma haka, wai an raina haihuwar Yesu, an kafa musu kafirci a gefen jariri. Na maimaita musu: an sace allon a bayan shago, kowa ya san nan nake shanya, kuma kowa ya san ina sa suna kafin aiki.

Malam Manniru ya ce, "Mun yarda an ɗauki allo. Amma rubutun, Malam Mato, hannun gidanka ne."

Na ce na koyar da yara da yawa.

Ya ce, "Haka ne." Sai ya ƙara da cewa, "Ina yaronka? Kwana biyu ban gan shi a masallaci ba." Ya kira shi da sunansa na yanka, sunan da ni ban taɓa kira ba, sai na ji kamar an taɓa mini gyambo.

Na ce zazzaɓi yake yi.

Godfrey kuwa ƙasa yake kallo, yana murza makullin motarsa.

Laraba, bayan isha'i

An jefi kwanon ɗakinmu. Kubra ta ce mangwaro ne ya faɗo. Babu mangwaro a Disamba, kuma babu bishiya a gidan nan.

Alhamis, 19 ga Disamba, da sassafe

Christiana, matar Godfrey, ta zo da motarsu ta ɗaukar doya tun kafin gari ya gama wayewa, ta tsaya ta ƙofar baya. Ta ce za ta kai wa ƙanenta Nathan doya a garejinsa na Apo, ko muna da saƙo. Ban taɓa gaya mata komai ba. Kubra ma ta rantse ba ta gaya mata ba.

Ta ce wa Kubra, "Maman yara, kar ki yi kuka a waje, mutane yana kallo. Ki shiga ciki."

Muna da saƙo. An rufa masa tamfol.

Magaji bai so ba. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai kwanta cikin doya. Kubra ta durƙusa a gabansa, uwa a gaban ɗanta, ta riƙe ƙafarsa. Ni na juya baya ina gyara murfin gwangwanin da ba abin da ya same shi.

Alhamis, da rana

Gidan ya yi faɗi.

Juma'a, 20 ga Disamba, bayan sallar Juma'a

Liman ya yi huɗuba a kan haƙuri da barin hukunci ga hukuma. Allah ya saka masa. Amma a bakin ƙofa ba huɗubar ake maimaitawa ba. Wanda ke gefena a sahu ya matsa, ya bar tazara tsakanin kafaɗarsa da tawa. Shekara nawa muna sallah tare da mutumin nan, ni na rubuta masa allon shagonsa na kayan miya, har na yi masa ragi.

Yanzu labarin ya kai cewa ƙungiya ce daga waje ta ba ni daloli. Daloli! Ni da burushina ya zube gashi nake ɗaure shi da zare.

Da na dawo na tarar an rubuta kalma a ƙofar shago da jan fenti. Ko iya riƙe burushi bai yi ba, duk ya zuba. Ba zan rubuta kalmar ba.

Asabar, 21 ga Disamba, da hantsi

Malam Manniru ya zo shi kaɗai. Ya ƙi zama. Ya ce 'yan sanda sun ce a sasanta a unguwa kafin abin ya fi ƙarfin kowa, su ba su da mutanen da za su tsare gida ɗaya dare da rana lokacin biki. Ya ce matasa sun fara tambayar inda Magaji yake, wani ya ce ya ga motar doya.



Ya ce, "Hanya ɗaya na gani. Ranar Litinin bayan la'asar, a gaban kwamitin unguwa, da mu da mutanen coci, ka yi alwala ka dafa Alƙur'ani. In ka rantse, ni zan tsaya a gaban yaran nan in ce magana ta mutu, duk wanda ya sake taɓa gidanka ko ya bi wani naka, da ni yake yi. Sun san kai mai sallah ne. Ba wanda zai ce Mato ya dafa Littafi a kan ƙarya."

Na ce in ban rantse ba fa?

Ya ce, "To sai ka ba su suna. In ba ka ba su ba, za su nemo da kansu, kuma Apo ba nisa."

Ni ban ce masa Apo ba.

Asabar, bayan magariba

Na samo dabara. Zan ce: na rantse ba ni na rubuta allon nan ba. Gaskiya ce tsantsa. Ba ni na rubuta ba. Na yi ta maimaitawa ina wanke burushi har Kubra ta leƙo ta ga ko da wani nake magana.

Na ci abinci yau.

Lahadi, 22 ga Disamba, da rana

Ana ta waƙa a cocin su Godfrey, ana gwajin na Kirsimeti. Da can ina jin daɗin waƙoƙin nan, ina aiki ina kaɗa ƙafa. Yau kaina suke sara.

Ga abin da ke jikin allon, bari in rubuta sau ɗaya, don in na mutu a san a kan me aka yi wannan duka:

"Mu da ba mu bin kowane addini, mu ma 'yan unguwar nan ne. Barka da hutu."

Shi ke nan. Na karanta shi a raina ya fi a ƙirga ina neman zagin, ban samu ba. Abin da na samu ya fi zagi ciwo a wurina. "Mu." Yaron da na yi wa huɗuba a kunne, na yanka masa rago da kuɗin allon wani otal, na goya shi a wuya zuwa Idi. Yaushe ya zama "mu" da wasu, ni na zama "ku"? Ina nake lokacin? Ina nan, ina cewa ban tambaya ba.

Ina jin haushinsa, wallahi ina jin haushinsa kamar in mutu. Kuma ina so in san ko ya ci abinci.

Litinin, 23 ga Disamba, da azahar

Na yi wanka. Na sa farar riga.

Litinin, bayan magariba

An yi.

Talata, 24 ga Disamba

Ban fita ba. Kubra ta ce in sha ko kunu ne.

Laraba, 25 ga Disamba, da hantsi

Christiana ta aiko da shinkafa da kaza kamar kowace shekara, kazar da Godfrey ke kawo mini in yanka musu don mu iya ci. Bana bai kawo ba, wani ya yanka. Ta sa 'yarta da ta kawo kwanon ta gaya wa Kubra cewa doya ta isa lafiya, har an wuce da ita gaba, inda ba mai saye da zai gane ta.

Bari in rubuta na ranar Litinin. In ban rubuta ba zai ci gaba da zama mini a maƙogwaro.

A ƙarƙashin rumfar makarantar firamare aka yi. Mutanen masallaci a dama, na coci a hagu, matasa a tsaye a baya har bakin katanga. An jingina allon a gaba, an juya fuskarsa bango, sai sunana kawai ake gani ta gefe inda aka karya kusurwar. Na yi alwala a gabansu. Aka kawo Littafin a nannaɗe cikin kore.

Na ɗora hannu na fara, "Na rantse ba ni na rubuta..."

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Ba wannan ba! Mun san ba shi ba ne. Sai dai ya rantse bai san wanda ya rubuta ba!"

Wuri ya ɗauka. Na dubi Malam Manniru. Ya rufe ido, ya buɗe, ya ce a hankali, "Malam Mato, ka ji abin da jama'a suka ce. Ka ce ba ka san wanda ya rubuta ba, ba ka kuma san inda yake ba."

Hannuna yana kai. Ban ɗauke ba. Na ji sanyin bangon Littafin a tafina. Tun ina yaro ake gaya mana abin da ke samun wanda ya yi haka, kuma ni na yarda, ban taɓa shakka ba ko na rana ɗaya, yanzu ma ban yi ba. Na san a gaban Wa nake tsaye. Ba jama'ar nan nake nufi ba.

Na ga tamfol ɗin nan a idona, da ƙafar Magaji ɗaya da ta leƙo, Christiana ta ja buhu ta rufe.

Na faɗa. Duka biyun. Da ƙarfi, don na baya su ji.

Aka yi kabbara. Mutanen coci suka ce amin. Malam Manniru ya tashi ya ce magana ta mutu, wanda ya sake tayar da ita shi ne mai fitina. Aka fasa allon aka cinna masa wuta, yara suna tsalle. Mutane suka yi ta zuwa suna ba ni hannu, har da wanda ya matsa a sahu, yana cewa in yafe masa zato. Na yafe masa. Me zan ce?

Mutum biyu ne ba su ba ni hannu ba. Godfrey ya fita tun kafin in gama. Malam Manniru kuwa ya naɗe Littafin da kansa, ya rungume shi a ƙirji, ya wuce ta gabana bai dube ni ba.

Juma'a, 27 ga Disamba, bayan sallar Juma'a

Sun matsa mini in shiga sahun gaba. Wai an zalunce ni, Allah ya wanke ni. Kafaɗa da kafaɗa, har ana jan hannuna.

Na yi Fatiha, na kai tsakiya, ta tsaya. Fatiha! Na sake daga farko.

Asabar, 28 ga Disamba, da yamma

An yi saukar karatu, an yi lafiya. Aiki har ya fi da, kowa yana so ya nuna ba ya cikin masu jifa. Na shafe ƙofar shago. Silba, sannan fari sau biyu. Ba abin da ya taso.

Godfrey ya zo karɓar makullin mita. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mato, wannan abu da ka yi, ni ban san ko zan iya ba." Na ce ban san abin da yake magana a kai ba. Ya ce, "Eh. Ni ma ban sani ba." Ya ɗan tsaya, ya ce tauraron bana ya yi kyau.

Talata, 31 ga Disamba, bayan azahar

Magaji ya kira, da baƙuwar lamba. Kubra ta fara karɓa, ta yi kukanta, ta miƙo mini.

Ya ce, "Baba, na ji."

Na ce ya ji me, ana sanyi a can? Yana da bargo?

Ya ce, "Baba, don Allah." Don Allah ya ce, bakinsa bai manta ba. "Ni a wurina da ni ne na dafa, ba komai ba ne. Amma kai ka yarda da shi. Na san abin da ka ɗauka. Zan dawo in tsaya a gabansu in ce ni ne, in sauke maka."

Raina ya ɓaci, na miƙe tsaye. Na ce, "Kai, saurara. Abin da na ɗauka ba ya saukuwa don ka dawo. In ka taka Dutse, na yi a banza ke nan, na rasa can na rasa nan. Ka zauna inda kake. Ka ji ni ko ba ka ji ba?"

Ina jin numfashinsa.

Ya ce, "Har yaushe?"

Na ce ban sani ba. Wannan karon gaskiya na faɗa.

Laraba, 1 ga Janairu

Kubra ta wanke kayansa, ta goge, ta jera a akwati. Ba wanda ya ce ta yi.

Asabar, 4 ga Janairu, bayan la'asar

Na hau mota har Mararaba, inda ba wanda ya san fuskata, na sami wani malami a zaurensa bayan an tashi karatu. Na ce wani abokina ne ya aiko ni. Ya dafa Alƙur'ani a kan abin da ya san ƙarya ne, da gangan, a gaban jama'a. Azumi nawa zai yi? Miskinai nawa zai ciyar? Na riga na yi niyyar ko injin fesa fentina ne in sayar.

Malam ya ce me ya kai shi? Na ce bai gaya mini ba.

Ya ce to shi a kan abin da aka gaya masa zai amsa. Irin wannan rantsuwa ba ta da kaffara, ta fi ƙarfin azumi da ciyarwa. Abin da ya rage wa mai ita tuba ne, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Na ji sanyi a raina, na ce alhamdulillahi, yaya ake yi? Ya ce sharaɗin farko nadama: ya ji a zuciyarsa da ma bai yi ba. Na biyu, ya ƙudurta ko an sake kawo shi wurin ba zai ƙara ba.

Ya ce, "Abokin naka ya yi nadama?"

Na ce zan tambaye shi.

Asabar, bayan magariba

Na tambaye shi. Tun daga Mararaba har Dutse nake tambayarsa, a cikin cunkoso, har kwandasta ya taɓa ni ya ce Baba an iso.

Na sauka a Kwanar Rijiya. An cire na coci, an cire na Islamiyya, sai ramuka uku a ƙasa. Na tsaya a kan na tsakiya.

Tsoro akwai, har ƙashina. Kunya akwai. Baƙin ciki kuwa ba a magana. Na juya zuciyar nan ciki da bai kamar aljihu, nadamar ce babu. In aka kawo Littafin gobe aka ce in sake, zan yi alwala in sake. Ya Allah, Ka sani, ba zan yi maka ƙarya sau biyu ba.

Na rubuta sunayen rabin mutanen Dutse a alluna, masu kemis da masu aski da matattu a kan kabarin coci. Akwai guda ɗaya da ban taɓa rubutawa ba, ban taɓa kira ba.

Rilwanu.

An kira isha'i. Zan je. Zan tsaya a sahun baya.